Hisabin Ninki: Yadda Logaridim Ke Auna Ƙaruwa Da Raguwa

Duk wanda ya taɓa zama a kasuwar Gatawa, ko ta Sabon Birni, ko ta Isa, ya kasa kunne ga yadda masu awo da dillalan bisashe da 'yan canjin sefa suke juya adadi da ka, ba alƙalami ba takarda, lalle zai shaida cewa mutanen ƙasar Gobir ba baƙi ba ne a fagen hisabi, domin kuwa mai awon da bai taɓa shiga aji ba yakan faɗi kuɗin tiya 17 da rabi tun kafin ɗan makaranta ya gama lalubo na'urar lissafi a cikin wayarsa. Sai dai akwai wani jinsi na tambaya wanda wannan gwaninta, duk da kaifinta, takan ja ta tsaya a bakinsa, shi ne tambayar da ke neman sanin lokaci: idan farashin gero yana hawa da kashi 30 cikin 100 kowace shekara, yaushe zai ruɓanya; idan jama'ar gari suna ƙaruwa da kashi 3 cikin 100, bayan shekara nawa gonar da ke ciyar da gida ɗaya za ta wayi gari tana ciyar da gida biyu; idan dukiya tana ajiye ana fitar mata da zakka ba a juya ta, a wace shekara za ta koma rabi. Waɗannan mas'aloli mabuɗinsu ɗaya ne, shi ne abin da malaman lissafi ke kira logaridim, ɗalibai kuma suka taƙaita suna cewa log, wanda ake koyarwa tun ajin farko na babbar sakandare, ake kuma tambaya a kansa a jarrabawar WAEC da NECO, amma da yawa daga masu koyonsa sukan bar makaranta ba a taɓa gaya musu wace tambaya yake amsawa ba.

Ƙaruwa iri biyu ce

Tushen wahalar shi ne hankalin ɗan Adam ya saba da ƙaruwa iri ɗaya, alhali kuwa iri biyu ce. Akwai ƙaruwa ta tarawa, irin ta mai zuba naira 500 a asusu kowace ranar kasuwa, wanda abin da ya ƙaru masa wannan mako daidai yake da na makon jiya, ko da ya shekara goma yana zubawa. Akwai kuma ƙaruwa ta ninki, wadda abin da ya ƙaru shi ma yakan shiga cikin uwa ya haifi nasa, irin ta garken jajayen awakin nan da aka san ƙasar Sakkwato da Maradi da su, inda 'yar akuyar bana ita ce uwar baɗi. Ta farko tafiyarta ɗaya ce daga fari har ƙarshe; ta biyu kuwa takan faro a hankali har mai kallo ya raina ta, sa'an nan ta zo ta fi ƙarfin ƙidaya.

Malaman Musulunci na da sun san hatsarin raina ninki. Ibnu Khallikan, alƙali kuma masanin tarihi wanda ya rasu a 1282, ya kawo a cikin littafinsa Wafayatul A'ayan labarin mai hikimar da ya ƙago wasan shaɗaranji, watau darar sarakunan Hindu, wanda da sarki ya ce ya faɗi ladansa sai ya roƙi a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko na allon wasan, biyu a gida na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ruɓanyawa har gida na 64. Sarki ya ga kamar an wulakanta kyautarsa da ƙanƙantar roƙon, sai da ma'aji da masu hisabi suka zauna suka tarar duk rumbunan ƙasar, har da na maƙwabta, ba za su biya ba, domin jimlar ƙwayoyin ita ce 18,446,744,073,709,551,615. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, za mu ga yadda logaridim ke gano girmansa da layi ɗaya.

Ma'anarsa da ƙa'idojinsa

A rubuta jeri biyu a kan allo, ɗaya bisa ɗaya. A jeri na ƙasa a fara da 1 ana ruɓanyawa: 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256, 512, 1024. A jeri na sama kuma a rubuta sau nawa aka ruɓanya kafin a iso kowane adadi: 0, 1, 2, 3, 4, 5, 6, 7, 8, 9, 10. To, adadin da ke sama shi ne logaridim na wanda ke ƙarƙashinsa, a bisa tushen 2. Watau log na 8 shi ne 3, saboda sau uku aka ruɓanya 1 kafin ya zama 8, log na 32 kuma 5 ne, na 1024 kuwa 10. Iyakar ma'anar ke nan: logaridim ƙidayar ninki ce, yana faɗin sau nawa aka ninka. Da yake kuma a mas'alolin duniya kowane ninki yana cin wata mudda, shekara ko wata ko sa'a, sai ya zamana wanda ya san yawan ninki ya san tsawon lokaci.

Daga wannan allo ƙa'idoji uku suke fitowa, ba wanda ya ɗora su daga waje. Ta farko: idan ana son 8 sau 32, sai a duba samansu a ga 3 da 5, a tara su su ba da 8, a duba ƙarƙashin 8 a tarar da 256, ita ce amsa, dalili kuwa a fili yake, wanda ya ruɓanya sau uku ya ƙara ruɓanyawa sau biyar ai sau takwas ya ruɓanya. Saboda haka log na ninkin adadi biyu daidai yake da jimlar log ɗinsu. Ta biyu kishiyar ta farko ce: idan za a raba 512 gida 16, sai a ɗebe 4 daga 9, saura 5, ƙarƙashinta 32, watau rabawa ta koma ɗebewa. Ta uku, wadda ita ce uwar fa'ida a sha'anin ƙaruwa da raguwa, ita ce idan aka jera adadi ɗaya ana ninka shi da kansa, kamar 4 a jere har biyar, to log na sakamakon shi ne log na 4 sau biyar, watau 2 sau 5, 10 ke nan, ƙarƙashinta 1024. A wannan ƙa'ida ta uku ne yawan shekarun da ake nema, wanda ke ɓoye a cikin ninki, yake fitowa sarari a iya kama shi da rabawa kawai.

Abubuwa biyu na biye da wannan, waɗanda ɗalibai ke yawan tuntuɓe a kansu. Log na 1 sifiri ne a kowane tushe, domin ba a yi ninki ko ɗaya ba tukuna. Sifiri kuwa ba shi da log sam, domin komai yawan rabawar da aka yi wa adadi gida biyu ba zai ƙare ƙurmus ba. Sa'an nan babu wata ƙa'ida da ta ce log na jimlar adadi biyu shi ne jimlar log ɗinsu, ko da yake hannun ɗalibi yakan yi saurin rubuta haka a ɗakin jarrabawa; wanda ya yi shakka ya gwada da 4 da 4, zai ga jimlar log ɗinsu 4 ce, wadda ke nuna 16, alhali 4 da 4 takwas ne, log ɗinta 3.

Tushen da aka fi aiki da shi a makaranta shi ne 10, inda log na 10 yake 1, na 100 yake 2, na 1000 yake 3, sauran adadin da ke tsakani kuma suke da log mai gutsure. Mafi cancantar a riƙe shi da ka shi ne log na 2, watau 0.3010, kuma ba a buƙatar karɓarsa da taƙlidi, domin hujjarsa na kan allonmu: ruɓanyawa sau goma ta ba da 1024, wanda ya yi kusa ƙwarai da 1000, watau ninki uku na 10, saboda haka kowace ruɓanyawa ɗaya ta tashi a kan kimanin uku bisa goma. Da wannan kaɗai za a auna ladan mai shaɗaranji: 64 sau 0.3010 ya ba da 19 da 'yan kai, ma'ana adadin ya wuce 1 mai sifiri 19 a bayansa, don haka lambobinsa 20 ne, kamar yadda mai karatu zai tabbatar idan ya koma ya ƙirga.

Wanda ya fara tsara wannan ilmi a jadawali shi ne John Napier, wani mai ƙasa a Sikotilan, wanda ya buga littafinsa a 1614 bayan ya shafe kimanin shekara 20 yana aikin, da nufin sauƙaƙa wa masana taurari da matuƙan jiragen ruwa dogayen ninki da ke cinye musu kwanaki. Henry Briggs, malamin lissafi a Landan, ya yi tattaki ya same shi a 1615, suka daidaita a kan komawa tushen 10, ya kuma fitar da babban jadawalinsa a 1624. Jikan wannan jadawali shi ne ɗan littafin nan da ɗalibanmu ke kira fofiga, wanda iyayensu suka sha fama da shi kafin na'urar lissafi ta yawaita. Na'ura ta karɓe aikin sauƙaƙa ninki, amma aikin gano lokaci yana nan a hannun logaridim, domin na'ura ba ta amsa tambayar da mai riƙe da ita bai san yadda ake yin ta ba.

Jama'a, farashi da bashi

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Sabon Birni, wadda Gatawa ke cikinta, mutum sama da 200,000. A ƙaddara jama'ar suna ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara, abin da bai yi nisa da ƙiyasin da hukuma ke yi wa ƙasa baki ɗaya ba. Ma'anar wannan ita ce kowace shekara ana ninka adadin bara da 1.03, tambayar kuma ita ce sau nawa za a yi wannan ninki kafin a kai 2. Bisa ƙa'ida ta uku, yawan shekaru sau log na 1.03 dole ya yi daidai da log na 2. Log na 1.03 kuwa 0.0128 ne, idan aka raba 0.3010 da shi sai a sami shekara 23 da 'yan watanni. Wanda ya lissafa da tarawa zai ce ai kashi 3 sai ya shekara 33 kafin ya cika 100, ya yi kuskuren shekara goma cur, kuma shekara goma ba ƙaramin abu ba ne ga mai shirin gina azuzuwa da haƙa rijiyoyi da ɗaukar ungozoma. Fadamar gulbin Rima kuwa ba ta ƙaruwa da ƙaruwar masu nomanta, saboda haka a muddar da jama'a suka ruɓanya, rabon kowane mutum a ƙasar noma ya koma rabi, kuma duk wanda ya halarci rabon gadon gona a 'yan shekarun nan ya ga wannan hisabi da idonsa.

Ana iya juya mas'alar a nemi saurin ƙaruwa idan an san mudda. Ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55.7, ta 2006 kuma miliyan 140.4, ko da yake an yi jayayya a kan dukansu biyu. Na biyu ya ninka na farko sau 2.52, log ɗinsa 0.4015, idan aka raba shi ga shekara 43 da ke tsakani sai kowace shekara ta sami 0.0093, wanda idan aka koma jadawali aka nemi mai wannan log za a tarar da 1.022, watau ƙaruwar kimanin kashi 2.2 cikin 100 a shekara.

Farashi ma haka yake tafiya, sai dai shi da gudu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na 2024. Log na 1.348 shi ne 0.1297, idan aka raba 0.3010 da shi sai a sami shekara biyu da kimanin wata huɗu. Ma'ana da hauhawar za ta dawwama a haka, abin da ake saye naira 1,000 zai koma 2,000 a wannan 'yar mudda, kuɗin da aka ƙulle a ƙasan adaka kuma zai rasa rabin ƙarfinsa ba tare da ɓarawo ya taɓa shi ba. Manomin da ya gwammace ya ajiye dukiyarsa a dami ko a bisa ya riga ya fahimci hukuncin, logaridim kuwa shi ke ba shi adadin watannin.

Mafi muni shi ne bashi mai ruwa wanda ake ɗora ruwan a kan uwar kuɗi. Wanda ya karɓi naira 100,000 a kan kashi 10 cikin 100 kowane wata, yana ganin abu kaɗan ne, bashinsa zai ruɓanya cikin wata bakwai da 'yan kwanaki, domin log na 1.1 shi ne 0.0414, idan shekara ta zagayo kuma ana bin sa sama da naira 313,000. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratu Ali Imrana, ya yi hani ga cin riba ninki bisa ninki, kuma mai wannan hisabi yana ganin da adadi irin ramin da aka tsare bayi daga faɗawa cikinsa. Ga mai son taƙaitacciyar hanya a kasuwa, ya raba 70 da adadin kashin, zai sami muddar ruɓanyawa a ƙiyasce. Tana aiki sosai idan kashin ƙarami ne, tana kuma ɗan gazawa idan ya yi yawa.

Abin da ke raguwa

Raguwa ba wani babi dabam ba ce, ninki ne da adadin da bai kai 1 ba, log ɗinsa kuma yakan faɗa ƙasa da sifiri. Misali mafi kusa da mu yana cikin fiƙihu. Zakkar zinariya da azurfa da kuɗi rubu'in ushuri ce, ɗaya cikin 40, saboda haka dukiyar da ke ajiye ba a juya ta ana ninka ta da 0.975 duk lokacin da shekara ta kewayo mata. Log na 0.975 yana ƙasa da sifiri da 0.0110, log na rabi kuma yana ƙasa da sifiri da 0.3010, rabon na biyu da na farko ya ba da shekara 27 da 'yan watanni. A nan ne misƙali 80 na zinariya zai koma 40, bayan wata mudda irinta kuma ya sauko ga 20, wanda shi ne nisabi, da zarar ya gaza shi kuma zakka ta faɗi. A mazhabar Malikiyya zakka tana wajaba a dukiyar yaro, kuma Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya umarci waliyyan marayu da su yi kasuwanci da dukiyarsu don kada zakka ta cinye ta. Hisabi yana nuna nauyin wannan umarni: dukiyar jaririn da aka ajiye shekara 15 ba a taɓa ba, log ɗin abin da ya rage 15 sau 0.0110 ne ƙasa da sifiri, watau saura kashi 68 cikin 100, kusan sulusi ya tafi.

Da wannan hanya ce masana tarihi ke gane shekarun abin da aka tono. Kowane mai rai, itace ko dabba, yana ɗauke da wani nau'i na sinadarin kabon da ake kira kabon 14, wanda daga ranar mutuwa yake fara raguwa, rabinsa yana ƙarewa duk shekara 5,730. Willard Libby na Amurka shi ya tsara wannan awo a ƙarshen shekarun 1940, aka ba shi kyautar Nobel a 1960. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani kwalekwale binne a ƙasa, tsawonsa ya haura mita 8, masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994, awo kuma ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000, abin da ya sa shi cikin mafi daɗewar jiragen ruwa da aka sani a duniya. Ga yadda lissafin yake: itacen da ya rage da kashi 38 cikin 100 na kabon ɗinsa, log na 0.38 yana ƙasa da sifiri da 0.4202, a raba da 0.3010 a sami 1.4, watau an yi rabi sau ɗaya da kusan rabin sau, a ninka da 5,730 a sami kusan 8,000. Shi kuwa gawayin da za a tono a kufan Alkalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, abin da ya ragu a cikinsa bai kai kashi 3 cikin 100 ba, don haka a tarihinsa littattafan malamai da ruwayar dattawa sun fi wannan awo amfani. Likitoci ma da irin wannan hisabi suke ƙayyade sa'o'in da ke tsakanin shan magani, gwargwadon yadda rabinsa ke barin jini, shi ya sa wanda ya tsallake shan magani sau ɗaya yakan bar ƙofa a buɗe ga cutar.

Iyakar hisabin da hanyar koyar da shi

Wajibi ne a faɗi sharaɗin da duk wannan ya rataya a kansa, shi ne saurin ƙaruwa ko raguwa ya tabbata a kan hali ɗaya. Kabon yana cika wannan sharaɗi, al'amuran mutane kuwa ba sa cikawa sai na ɗan lokaci. Tun daga 2019 rashin tsaro ya tilasta wa dubban mutanen Sabon Birni da Isa ƙetarawa zuwa jihar Maradi, wasu kuma suka koma manyan garuruwa, don haka ƙauye yana iya raguwa gari yana kumbura fiye da abin da kashi 3 ya nuna. Fari da annoba da ƙarancin kiwo su ma suna taka wa garke birki. Logaridim yana faɗin inda hanya ta nufa idan ba a sauya ta ba, sanin gaibu kuwa na Allah ne, kuma fa'idar faɗin ita ce a sauya tun da sauran lokaci.

Ɗalibin da ya haddace ƙa'idoji uku bai san asalinsu ba, misalinsa kamar almajirin da ya haddace matani ne bai zauna gaban malami ya ji sharhi ba, yana iya karantowa amma ba ya iya fatawa. Ƙasar Hausa kuwa tana da gado a wannan fanni, domin Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi talifi a kan hisabin hatimai wanda masana lissafi ke ambato har yau, malaman fara'ili kuma ba su gushe ba suna warware kasusuwan gado masu wuya a zaurukansu. Abin da ya kamaci malamin lissafi a Gatawa ko Isa shi ne ya fara da jeri biyun nan a kan allo, ya bar ɗalibai su gano ƙa'idojin da kansu kafin ya rubuta musu alamominsu, sa'an nan ya aike su gida su tambayo farashin tiyar gero bara da bana, da yawan awakin gidansu shekara uku da suka wuce da na yau, su dawo aji su fitar da muddar ruɓanyawa. Yaron da ya yi wannan sau ɗaya da adadin gidansu zai amsa tambayar jarrabawa ba da fargaba ba, kuma ranar da aka miƙo wa mahaifinsa takardar bashi mai ruwa zai iya karanta masa abin da za ta zama bayan wata goma sha biyu.